Watandar Kwalba a Ƙasar da Ba a Yanka Sa

Lokacin da muke yara a Urafane, in ciwo ya kama mutum, ladan maganinsa ba ya wuce abin da mace za ta ɗauka a ka. Zakara ne, ko damin hatsi, in abin ya yi tsanani ɗan akuya. Wanda aka kai likitar Tasawa, wato asibiti, bisa jaki, wannan ya yi tafiya mai nisa, in ya dawo sai a zo masa barka kamar ya sauka daga Makka. Yanzu kuwa idona ya ga maganin da kwalbarsa ba ta kai babban yatsana ba, amma sai an kaɗa shanu kasuwa kafin a buɗe ta, kuma sai an ƙetare teku kafin a same ta.

Tun da na dawo daga Indiya ba ni da sakat a majalisarmu ta gindin bedi. Wannan ya ce da gaske ne shanu na yawo a titi babu makiyayi, wancan ya ce shin mutanen suna tafe suna rawa. Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma na lura kowa na ƙara nasa in ya kai gida. Har na ji an ce wai an ɗaure ni a can. Ba a ɗaure ni ba, an dai zaunar da ni a buro, wato ofis. Shi ya sa na rubuta, wanda ya ƙara tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Salisu ɗan kawuna ne, taubashina ke nan. Tun muna yara yake kirana bawan gidanmu, ni kuwa Tsinke nake ce masa, domin ko a shekarar da rumbuna suka cika bai taɓa yin ƙiba ba. Manomi ne, kuma shi ke haɗa watanda a unguwarsu duk ƙaramar salla. Shi ke bin gidaje, shi ke zaɓo sa a kasuwa, shi ke tsayawa kan mahauci har a kasa nama, babu wanda ya taɓa cewa an cuce shi. Tari ya kama shi bayan girbi. Aka sha saiwa, aka sha ƙwayoyi, aka je Maradi, daga can aka tura shi Yamai. Nan aka ce ciwon daji ne a huhu. An yi masa maganin nan mai zubar da gashi, ciwon ya lafa, ya sake tashi. Sai wani likita ya ce akwai sabon magani da ake sawa cikin ƙarin ruwa, amma samunsa a nan da wuya. Ya aika da takardun Salisu Indiya, suka ce a kawo shi.

Ni aka zaɓa in raka shi, ba don na fi kowa tausayi ba. Na daɗe ina tuƙin kamyo, babbar motar kaya, na kai Abijan da Kumasi da Tamanrasat, na zauna Jidda. Ina jin Faransanci da Larabci, da irin Ingilishin da ake sayen goro da shi. Salisu ya ce, "To wa zai ɗauki kayana in ba bawan gidanmu ba?"

Yadda aka haɗa kuɗin tafiya kuwa kun sani, don da hannunku a ciki. An kai shanunsa kasuwar Tasawa. Ɗansa da ke Aljeriya ya aiko da abin da yake tarawa na aure. An yi shela a masallacin Juma'a. Yakubu na garin Sarkin Hausa, abokin nomansa, ya zo da amalanke cike da wake, ya ce mutanen majami'arsu ne suka tara. Abu ɗaya Salisu ya hana a taɓa, Gonar Gawo, wadda ya gada daga kawu, mahaifinsa. Akwai wani ɗan kasuwa na wajen Mayayi da ya daɗe yana zagayenta. Da ya ji labarin ciwon sai ya yawaita zuwa dubiya, kuma kullum ta gefen gonar hanyarsa ke bi.

Ranar da za mu tashi, Salisu ya kira ni gaban matarsa Hadiza. "Alhaji," ya ce. In ya ce mini Alhaji, to babu wasa a ciki. "In kuɗi ya ƙare, ka maido ni gida. Ba a saida gonar ga don ni. Ɗiyana mi za su ci, kwalba?" Na ɗaukar masa alkawari.

Sai batun guzuri. Matan gidan sun ji an ce ƙasar babu tuwo, saboda haka suka ɗaura ɗamara. Kilishi, cuku, garin fura, ƙuliƙuli, kuka, busasshen zogale, yaji. Hadiza ta ƙara da daddawa a cikin gwangwanin madara, ta naɗe shi da tsumma, ta ce kada in buɗe sai mun isa. Jakar tufafinmu guda ce, ta abinci kuwa sai da mutum biyu suka ɗora ta bisa mota.

Daga Tasawa zuwa Maradi babu abin faɗi, sai dai Salisu ya kwashe hanya yana kushe gonakin mutane ta taga. Jirginmu daga Kano zai tashi, don haka muka bi ta iyaka. A wani shinge ma'aikaci ya ce a buɗe jaka. Ya ga kilishi, ya ga cuku ya gyara tsayuwa, ya ce, "Baba, asibiti za ku ko kasuwa?" Salisu ya leƙo ya ce, "Ɗana, dube ni da kyau. In kasuwa za a kai ni, wa zai taya?" Mutumin ya yi dariya ya yi mana addu'a, muka ba shi ƙuliƙuli ya ƙi karɓa, muka matsa masa ya karɓa.

A filin jirgi aka kawo wa Salisu keken marasa lafiya. Na zaci zai ƙi. Ina! Ya hau ya harɗe ƙafa, ya ce wa yaran filin su bari, yana da mai tura shi tun daga gida. Haka na tura shi a Kano, na tura shi a Adis Ababa inda muka canja jirgi, yana gaida mutane da hannu kamar sabon depite, ɗan majalisa. A cikin jirgi ya tambaye ni alƙibla, na nuna masa, jirgi ya karkata, ya sake tambaya. Da aka kawo abinci ya duba ya ce wannan na ɗanɗanawa ne, ya zauna jiran na gasken har muka sauka.

Isarmu Indiya, wani kare na ma'aikata ya bi jakunkunan duniya duka ya wuce, ya zo kan tamu ya zauna. Aka kewaye mu. Aka kwance tsumman Hadiza, aka ɓalle murfin gwangwani. Ma'aikacin da ya sunkuya ya shinshina ya ɗago idonsa na ruwa, ya tambaye ni da Ingilishi mene ne wannan. Na ce abinci. Ya ce na mutane? Kilishi da cuku dai nan muka rabu da su, don doka ta hana shiga da nama da nono. Daddawa kuwa suka rasa a wane babi za su sa ta, suka ce in rufe in tafi da ita, da sauri.

Masaukinmu wani gida ne kusa da likitar, cike da baƙi masu jinya, Larabawa da Habashawa da mutanen ƙasashen da ni ma ban taɓa takawa ba. Madafa ɗaya ce ta kowa. Maigidan mutumin kirki ne, sharaɗinsa ɗaya, kada nama ya shiga tukwanensa. Ranar da na kaɗa miyar kuka da daddawa sai ga shi da gudu yana neman abin da ya mutu a bayan kabad. Daga baya muka daidaita, ina girki in kowa ya fita, in buɗe tagogi. Abincinsu kuwa waken miya ne iri-iri da wata gurasa marar kauri da suke kira capati, sai shayi mai madara wanda ko Buzu ba zai raina ba. Yajinsu ba irin namu ba ne. Namu yana cizo ya saki, nasu sai ya bi ka har ɗaki.

Shanun kuwa gaskiya ne. Suna kwance tsakiyar titi, motoci na kauce musu, mata na ba su ganye suna shafa goshinsu. A wurin yawancinsu saniya kamar uwa take, ba a duka, balle a yi maganar wuƙa. Na san wannan tun kafin in je, ku riƙe wannan, don zai dawo. Salisu, wanda ya sayar da nasa duka, yakan tsaya ya daɗe yana kallon wani farin bijimi da ke kwana ƙofar masaukinmu. "Wanga ba shi da mai shi?" Na ce babu. Ya ce, "Kashi nawa kake gani zai yi?" Na ce ya rufa mana asiri.

Likitar da ta karɓe mu mace ce mai furfura a goshi. Ta yi mini bayani, ni kuma na juya wa Salisu. Wannan maganin ba ya ƙone ciwon da kansa kamar na Yamai. Jiki yana da masu gadinsa, ciwon dajin ne ya rufe musu ido, magani kuma ya buɗe idon su yi aikinsu. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, kada mu ɗauka alkawari ne. Za a sa masa a jijiya, a huta makonni, a sake, haka har a ga yadda hoton ƙirji zai nuna. Kuma kafin kowane zama sai an auna jini, sai an biya a kes, wurin karɓar kuɗi.

A kes na gwada abin da na iya. Na gaida yarinyar da ke wurin, na tambayi gida, sannan na ce to, wannan kuɗin faɗi ne, nawa ne na gaskiya? Ta yi murmushi ta kaɗa kai gefe da gefe. A ƙasarsu wannan yana iya zama i, yana iya zama na ji ka. Na tsaya ina jiran ragi, ita tana jiran kuɗi, har na baya suka fara tari. Na biya yadda aka rubuta.

Aka kwantar da Salisu a wata kujera mai laushi, aka rataya 'yar leda ta ruwa fari fat kamar na rijiya. Kafin mu gama hirar damina sai ga nas ta zo cirewa. Salisu ya riƙe hannunta. "Bawan gidanmu, ce mata ta rage gudun abin ga. Shanuna ne ke shiga, in ji shigarsu mana!" Nas ɗin Kirista ce daga kudancin ƙasar, Meri sunanta, ta saba da tsofaffi. Ta ce an riga an gama.

A zama na gaba ne ya lura da abin da ni ban lura ba. Ya ga an kawo kwali biyu an nuna mana kafin a kai ɗakin haɗi. Ya ce in tambaya ko duka biyun ke shiga jikinsa. Meri ta ce a'a. Ana auna maganin ne da nauyin mutum, shi kuwa ba shi da nauyi, kwalba ɗaya da rabi da ɗan ɗigo ke isarsa.

"To ina sauran? A ƙulle mana a leda."

Ta ce ba a bayarwa. In an huda kwalba ba ta jimawa, sai a lalata abin da ya rage.

Salisu ya dube ni, ya dubi Meri. "Rabin sa ake zubarwa a shara? Kuma ni ke biya?" Ranar ko shayi bai sha ba.

Bayan wasu zama aka ɗauki hoto. Likita ta kira mu tana fara'a, ta ce abin ya fara ƙanƙancewa, Salisu na cikin waɗanda maganin ya karɓa. Don haka tana son a ƙara zama fiye da yadda aka tsara da fari. Na yi hamdala da baki, amma na san abin da ke hannunmu ba zai kai ƙarshe ba. Na kira gida. Hadiza ta ce ɗan kasuwar nan ya sake zuwa dubiya, ko da yake mai ciwon na Indiya, kuma ita ta yarda a sayar, miji ya fi gona. Ban san Salisu na ji ba. Ina shiga ɗaki na iske ya ninke rigunansa.

"Alhaji, ka yi alkawari."

"Tsinke, maganin na aiki."

"Shina aiki, na ji a jikina. Amma ni ba a yanka mini sa ni kaɗai in ci rabi a zubda rabi. Ko a gida wa ke haka? Watanda ake yi."

Ya faɗi haka ne don haushi. Sai muka dubi juna, dabara ta faɗo mana.

Da safe na nemi babban mai haɗa magunguna na likitar, wani dattijo mai tabarau da jan zare ɗaure a wuyan hannu. Ya ba ni kujera. Na tattaro Ingilishina na Kumasi na fara. Na ce a ƙasarmu in salla ta zo, talaka ba ya iya sayen sa shi kaɗai, sai a haɗu a saya. Ya kaɗa kai. Na ce sai a kayar da shi, a ɗaure ƙafafu. Na nuna da hannu. Sai a kawo wuƙa. Na nuna wannan ma, a wuyana, har da ƙara. Na ga mutumin ya cire tabarau, na ɗauka bayanin ne ke shigarsa, sai na ƙara himma. Na fede, na fasa ciki, na raba hanta da tumbi, ina cikin bayanin wanda ke samun kai da ƙafa sai na ji Meri, wadda ta rako ni, na jan hannun rigata. Ta nuna mini teburinsa da ido. Ga ɗan hoto an yi masa ado da furanni, da saniya fara a ciki tana kallona.

Ni da na yi shekaru ina gaya wa yaran mota cewa in ka shiga garin mutane ka fara duba abin da suke girmamawa! Na miƙe na ba shi haƙuri da duk harshen da na iya, har da Fulatanci. Ya maida tabarau idonsa. Sannan ya aika aka kawo shayi kofi ɗaya da kofin wofi. Ya zuba rabi a ciki ya tura mini. Ya ce, "Wannan kake nufi?" Na ce shi ke nan. Ya ce, "To da ka fara da shayi."

Ya ce abin ba sabo ba ne, ana yi a wasu wurare, kuma in likita ta yarda shi ba shi da matsala. Amma sai an sami mai shan irin maganin daidai, wanda nauyinsa ya dace, kuma su zo rana ɗaya lokaci ɗaya, don a haɗa a tare. Na ce to ya ba ni sunayensu in bi su gida-gida. Ya ce wannan kuwa haramun ne a aikinsa, ciwon mutum sirrinsa ne. Na yi mamaki. A Urafane in ka yi atishawa da safe, kafin azahar an aiko maka da kunu daga can garin Cake.

Saboda haka na yi yadda Salisu ke yi in salla ta gabato. Na karɓi kwalin maganin, wofi, na shiga zauren jira. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama, in ce ya jiki, in nuna kwali, kamar mai cigiyar akuya. Wasu suka juya baya. Wani Balarabe ya tambaye ni nawa nake sayarwa, na ce ba sayarwa nake ba, abokin tarayya nake nema, ya matsa can nesa. Ban jima ba sai ga masu gadi biyu, suka sa ni tsakiya zuwa buro, wai ina tallar magani a cikin likita. Wannan shi ne ɗaurin da kuka ji. Dattijon mai tabarau ne ya zo ya fitar da ni, yana ta danne dariya.

Ashe kamun ya yi mini shela. Washegari wata mace ta tare ni a ƙofa, ta ce ko ni ne Ba'afirken mai kwali. Sunanta Mina, malamar makaranta ce. Ta nuna mini uwarta, Sarita, wata 'yar tsohuwa da ke zaune a keke, ƙafafunta ba su kai mataki ba. Su ma sun sayar da gwalagwalan aurenta, saura gidan da suke ciki. Da Salisu ya gan ta sai fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi! Yau na ga wanda na fi ƙiba."

Likita ta duba takardunsu ta yarda. Shi ɗaya da rabi da ɗan ƙari, ita saura kaɗan ta kai ɗaya da rabi, kwalba uku ta ishe su maimakon huɗu. Sai rigima ta tashi kan biya, ni da Mina muna tsakiya muna fassara. Sarita ta ce a raba biyu daidai. Salisu ya ce sam, wanda kashinsa ya fi girma shi ke ƙara kuɗi, bai taɓa cin haƙƙin kowa a watanda ba, ba zai fara da tsohuwa ba. Ta ce wa yake kira tsohuwa. Aka ƙare a kan kowa ya biya gwargwadon nauyinsa, ita kuma ta ce to abincin rana nata ne, ba ta son gardama.

Nan wata damuwa ta same ni. Abincin Sarita ya karɓi Salisu. Mutumin da nake lallashi ya sha fura, sai ga shi yana tashi da capati kamar fara ta sauka a gona, yana bi da wani zaƙi mai man shanu. Kumatu suka fara fitowa. Na yi tunani, in ya ƙara nauyi kashinsa zai ƙaru, kwalba uku ba za ta isa ba. Sai na fara janye kwanon daga gabansa. Ya kai ƙarata wurin likita, wai bawansa na hana shi abinci. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ɗan wannan ƙarin ba ya canja awo, in bar shi ya ci, abin da take nema ke nan.

Muka yi zama da dama haka, kujerunsu kusa da juna, ba mai jin harshen wani, suna ta hira. Shi yana ba ta labarin gawo da hatsi da Hausa, ita tana amsa masa da nata harshen, in ya yi tari ta harare shi ta miƙa masa ruwan zafi.

Ana saura kaɗan a gama, ranar zama, sai awon jinin Sarita ya fito ba daidai ba. Aka ce ba za a sa mata ba sai jinin ya gyaru, watakila kwanaki, watakila fiye. Mai tabarau ya ce Salisu na iya karɓar nasa yau shi kaɗai, a kwalba biyu. Na ja Salisu gefe. Gaskiya tsoro ya kama ni, don na ga wani Bahabashe na masaukinmu da aka koma da shi gida ba da ƙafarsa ba. Na ce kada mu yi wasa da abin da ke aiki. Hadiza ta ce ɗan kasuwar a shirye yake, ko yau aka kira shi kuɗi zai iso. Na ce gona ƙasa ce, ana samun wata.

Ya ce in tambayi likita ko jiran zai kashe shi. Ta ce jinkiri kaɗan ba ya ɓata wannan magani, in ya yi yawa za ta gaya mana da kanta.

"Ka ji," in ji Salisu. "In na sha nawa yau, ita ranar tata da wa za ta raba? Gidansu zai tafi, gonata ta tafi. Tun da nike watanda ban taɓa sa wuƙa ba sai kowa ya iso. Wannan kar ka fassara."

Ban fassara ba. Na ce wa Mina kawai za mu jira. Ta rufe fuska da gyalenta.

Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Salisu ya sa na dafa zogalen Hadiza da ƙuliƙuli, na tambayi likita ta ce ganye ba laifi, na ɗauka a a-daidaita na kai wa Sarita unguwarsu, direba na ratsa tsakanin bas da saniya ina salati. Ta ɗanɗana ta ce babu yaji. Ban ce zogalen ne ya gyara jinin ba, likita ma ba ta ce ba, amma Salisu har yau haka yake gaya wa mutane. Da aka sake awo jinin ya daidaita. Aka huda kwalba uku, aka rataya leda biyu, Salisu ya dubi tata ya dubi tasa ya tabbatar ba a yi son kai ba.

Da muka gama, hoto ya nuna ciwon ya koma ɗan tabo. Likita ta ce ba ta ce ya tafi ba, ta ce ya kwanta, a riƙa duba shi a Yamai. Ranar tafiya Sarita ta ba Salisu gwangwanin zaƙin nan, shi kuma ya ba ta ragowar daddawa. Mina ta karɓa da hannu biyu da ladabi, ta riƙe shi nesa da jikinta.

A filin jirgin Kano aka kawo keke, Salisu ya ce a ba tsohon da ke bayansa, wato ni.

Da salla ta zo ya haɗa watanda kamar kullum. Ina tsaye sai na ga ya ware kashi ɗaya gefe. Na ce na wa? Ya ce na Sarita, a kai wa gidan da ke da majinyaci da sunanta. Na ce, "Tsinke, naman sa da sunan matar nan? So kake ciwonta ya tashi?" Ya yi tsaki, ya maida naman cikin kashi, ya aika gida aka auno wake. Da Mina ta kira a waya ta tambayi abin da aka raba da sunan uwarta, na faɗa mata gaskiya ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Ɗan kasuwar Mayayi ya daina zuwa dubiya. Gonar Gawo tana hannun mai ita, bana ma shi ya yi shuka da kansa, yana tafe yana hutawa. Duk salla kuma, cikin waken gonar akwai rabon wata tsohuwa a Indiya, ana kai shi gidan marar lafiya kafin a taɓa nama.